Ku Duba Agogon Kwamfutarku Kafin Ƙarshen Oktoba

Tun 1919 agogon Nijeriya ya ke gaba da na Girinwic da awa ɗaya, rani da damina, ba ya canzawa. Dalili kuwa a fili ya ke. A nan Dutse, tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bambancin bai kai awa ɗaya da rabi ba. Amma a Ingila yinin bazara ya kan yi tsawo ƙwarai, saboda haka su kan tura agogonsu gaba da awa ɗaya ran Lahadin ƙarshe ta Maris, su komar da shi ran Lahadin ƙarshe ta Oktoba.

To, mai karatu ya ce, ina ruwanmu? Da ruwanmu ƙwarai, gama kwamfutar da ke ofisoshinmu da makarantunmu ba ta duban rana. Ƙasar da aka gaya mata ita ta ke bi. Wadda aka saita bisa Landan za ta yi daidai da mu tun daga ƙarshen Maris, ba wanda zai lura da kuskure. Ran da Ingila ta koma baya, sai ita ma ta koma da kanta. Wadda aka saita bisa Faransa kuwa a Maris za ta wuce mu da awa ɗaya.

Kada a raina awa ɗaya. Akawu ya aika da takardar neman kwangila bayan an rufe karɓa, alhali agogonsa ya nuna da sauran lokaci. Malami ya tara ɗalibai don lacca daga ƙasar waje, su tarar an watse. 

Dokokin nan kuma su kan sake. Amurka ta yi doka a 2005, ta fara aiki ran 11 ga Maris, 2007, aka matso da canjin da mako uku, sai da aka yi wa kwamfutoci gyara. Masar, inda 'ya'yanmu su ke karatu, ta komo da canjin agogo a 2023 bayan ta bar shi.

Saboda haka mu na roƙon akawunan Ƙananan Hukumomi, daga Dutse zuwa Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, da shugabannin makarantu, su yi abu uku. A saita kowace kwamfuta bisa lokacin Legas. A bar ta ta riƙa karɓar gyare-gyaren da ke zuwa ta intanet. In za a yi alkawari da mutanen waje, a rubuta lokacinsu da namu duka biyu.

Wanda ya gyara agogon da hannu bai gyara sunan ƙasa ba, ganye ya sare ya bar saiwa. Aikin bai fi minti biyar ba, rigakafi kuwa ya fi magani.