Daga gindin Dutsi: Kakar Turawa da kakarmu

 Ga shi mun shiga kaka, damman hatsi sun fara isowa gida bisa amalanke, daga Matankari har Tibiri. A duk lokacin da na ji iskar nan ta fara sanyi da asuba, sai in tuna wata rana ta watan Oktoba na 2022, ranar da ɗan ƙanwata da ke zaune a Faransa ya ce mini: "Kawu, gobe ba asibiti ba gaishe-gaishe, za mu kai yara gidan wasa."

Wurin shi ne Disneyland, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Pari, inda jirgin ƙasa ke ajiye mutum a bakin ƙofa. An buɗe shi ran 12 ga Afirilu 1992, bisa filin da a da gonaki ne. Asalin abin daga Amurka yake, inda Walt Disney ya buɗe na farko a jihar Kalifoniya a 1955. Mutum kusan miliyan 15 ke shiga na Faransa a shekara, kuma ƙarshen Oktoba na cikin lokutan cunkoso, domin ƴan lakkol na can suna samun bakansi na sati 2 a daidai wannan lokaci. Mu kuwa a nan, a watan ne yara ke komawa aji.

Kuɗin shiga sun kusa sa ni komawa gida. Tikitin mutum guda ya tasam ma Yuro 100, wato jika 65 da ɗoriya, kuɗin da za su sayi buhu 2 na hatsi a kasuwar kaka. Ga mu mu biyar. Ɗan nawa ya biya bai ko ƙifta ido ba, ya ce tun farkon shekara yake tarawa.

Da muka shiga, abin da na fara gani shi ne kabewa. Kabewa ko'ina, bisa bango, bisa fitilu, an yi mata idanu da baki tana dariya. Na taɓa guda, na ji ashe ta roba ce. Suna bikin da suke kira Halowin, na daren 31 ga Oktoba, wanda tushensa wata tsohuwar al'ada ce ta mutanen Irlanda da Sukotlanda, ta sallamar lokacin girbi da tarbar hunturu. Wato dai bikin kaka ne irin nasu, amma babu manomi a wurin, babu rumbu, kabewar ma ba ta shiga miya. Yara sun sa tufafin mayu da na fatalwa, ana raba alewa, a shiga layi na kusan awa guda domin jirgin da ke gudu da mutum minti 3 cikin dutsen da aka gina da siminti. Ni da na tashi a gindin dutsen gaske, na yi dariya, amma na hau, kuma na yi salati da ƙarfi.

A tsakiyar filin akwai wata fada mai dogayen hasumiyoyi, ta gimbiyar da aka ce ta yi barcin shekara ɗari. A ƙarƙashinta, cikin kogo mai duhu, an ɗaure wani dodo na ƙarfe yana motsi yana fidda hayaƙi. Na tambayi asalin labarin, aka ce mini tatsuniya ce da wani Bafaranshe, Charles Perrault, ya rubuta a littafinsa na 1697, daga irin waɗanda tsofaffi ke yi wa yara da dare. A 1959 Disney ya mai da ita sinima. Nan jikina ya yi sanyi. Ashe duk wannan dukiya, da dubban ma'aikata, da otal-otal, tatsuniyar kakanni ce aka gina wa gida aka sa mata mai gadi.

Jikata mai shekara 8, wadda nake kira amarya, ta riƙe hannuna ta ce: "Kaka, ku a Dutsi kuna da gimbiya?" Na ce: "Amarya, muna da wadda ta fi gimbiya, kuma tamu ba ta yi barci ba." Na ba ta labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda a watan Afirilu 1899 ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Voulet da Chanoine, lokacin da suke ƙone garuruwa a hanyarsu ta zuwa Cadi. Yarinyar ta tsaya tana kallona, ta ce ba ta taɓa ji ba. Ban ga laifinta ba, an haife ta a Turai. Amma da na dawo gida, na tambayi yaran unguwarmu su 6, biyu kaɗai suka san inda Lugu take. Duka shidan sun san ɓeran nan Mickey, daga salular iyayensu. Gizo da Ƙoƙi kuwa, sai suka ce sun ji a bakin tsohuwa kafin ta rasu.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kiran a gina irin wannan wuri a Dallol Mawri. Talakan da ke lissafin ko hatsinsa zai kai shi bazara ba ya bukatar jirgin wasa. Kuma tun 2023, da zumuncin hukumomin Nijar da na Faransa ya lalace, har ofishin jakadancinsu na Yamai ya rufe a farkon 2024, zuwa can ya ƙara wuya ko ga mai hali. Ba na kuma son a mai da Lugu kasuwar kabewar roba, domin gari ne mai mutane da mutuncinsu. Abin da nake cewa shi ne, su sun san darajar abin da kakanninsu suka bari, mu muna barin namu yana bin tsofaffi zuwa kushewa.

Ba mu rasa abin farawa ba. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafin Sarauniya a 1980, Med Hondo ya yi sinimarsa a 1986, ta kuma ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Yara nawa ne a Arewa suka taɓa ganinta? Farin ƙyalle da injin wuta sun isa a nuna ta a filin lakkol. Gidan tarihi na Bubu Hama yana nan a Yamai tun 1959, da namun dajinsa da ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a Agadas. Raƙuman dawa na Kure suna kan hanyar, tsakanin Doso da Yamai. Inda tsaro ya hana tafiya, a kawo tsoho guda cikin aji ya ba da tarihin garinsa, a naɗi muryarsa tun yana da rai. Kokowar kaka da kiɗan ƴan mata a dandali, waɗannan ma gidan wasa ne, ba a biyan ko dala.

Saboda haka ina roƙon magadan gari, da mushen lakkol, da ƙungiyoyin iyayen yara na Dogondutsi da Tibiri, su sa wannan cikin tsarin bakansin Disamba mai zuwa. Ku kuma iyaye, daren yau a kashe salula rabin awa, a ce "ga ta nan, ga ta nanku", a ga ko yaran sun san amsa.

Amarya ta bugo mini waya jiya, tana tambayar abin da ya sami Sarauniya bayan yaƙin. Na ce ta zo Dutsi ta ji a bakin masu shi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.