Kada Rumbu Ya Koma Falo

Daga watan Oktoba zuwa Disamba, duk wanda ya tsaya bakin titin da ya tashi daga Funtua ya bi ta Bakori zuwa Malumfashi zai ga motoci iri biyu. Akwai manya masu fita da buhunan masara da dawa da waken soya, an yi musu lodi har sun rusuna. Akwai kuma a-kori-kura masu shiga unguwanni da ƙauyuka ɗauke da kujeru naɗe cikin leda, da allon gado, da katifa, da madubin da wani yaro ya rungume kada ya fashe. Kuɗin na farkon ne ke sayen na biyun. Kaka lokacin biki ce a ƙasarmu, kuma tun da auduga ta ja baya, hatsin da za mu ci shi ne dai kuɗin da muke kashewa.

Ni ban ƙi ado ba. Mace na da haƙƙin ɗakinta ya yi kyau, yara na da haƙƙin su tashi a gidan da ba sa jin kunyar kawo abokansu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka juya lissafi: sai an gama da kafinta da mai labule sannan a waiwayi rumbu a ga abin da ya rage. Da kaka kowa ke kai kaya kasuwa lokaci guda, a Dandume ko Bakori ko nan Funtua, farashi ya faɗi, manyan 'yan kasuwa da masu haɗa abincin kaji su kwashe. Ruwa na sauka, sai ka ga magidancin da ya sayar da mota guda tsaye gaban mai awo da 'yar leda, yana roƙon a cika masa kwano. Gaskiya ne akwai shekarun da farashi ke ƙin tashi, masu ajiya don riba su tafka asara. Ba ajiyar riba nake magana ba. Abincin bakin yara nake nufi, shi kuwa ba a caca da shi.

Lissafin ba ya buƙatar boko. Buhu na ɗaukar kwano 40. Gidan da ke cin kwano ɗaya a yini yana buƙatar buhu 9 da ɗoriya kafin wata kakar, ban da baƙi da suna da azumi. A fitar da zakka tukuna, ɗaya cikin 10 ga noman damina idan ya kai nisabi. A ware na ci. A ware na taki da huɗa, domin tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, babu abin da bai tashi ba a harkar gona, daga kuɗin tarakta har na mai babur ɗin da ke kai taki. Abin da ya saura shi ne na ado, kuma shi ne iyakar adon da ya halatta ga mai hankali.

Wanda ya ware na ci, ya kula da yadda zai adana shi. Masara ta bushe ƙarau kafin a ɗinke, a ɗora buhu kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. A daina zuba wa wake maganin ƙwari na feshi. Irin wannan gubar ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, to me zai sa mu ba 'ya'yanmu abin da wasu suka ƙi? Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da ko ɗigon magani ba, in dai an ɗaure kowace leda tam.

Inda abin ya fi ciwo shi ne kayan ɗaki. Shiga ɗakin amarya a yau ka gani: ɗaki ƙafa 12, an cusa masa kujeru manya masu ruwan zinare a hannu, da teburin gilashi, da labule ninki biyu da ya toshe 'yar tagar da iska ke shigowa. Ba a cire ledar kujerun ba, ba a barin yaro ya hau. Mai ɗakin da mijinta a tabarmar tsakar gida suke cin tuwo. Yawancin kayan nan kuma da allon garin katako ake yin su, ba da katako na gaske ba, ga shi yankinmu ya fi arewacin jihar Katsina ruwa da danshi. Damina biyu, ƙafar wadirob ta kumbura, ƙofa ta daina rufuwa, alhali uban yarinya bai gama biyan bashin ba.

Iyayenmu mata ma sun yi jere, har ma sun fi mu son sa. Amma tasa da langa da kwalla da suke jerawa dukiya ce a ajiye. Ranar da ta ɓaci, a ciro ɗaya a sayar a kai yaro asibiti. Kujerar yau, ran da ta shiga ɗaki ta zubar da rabin kuɗinta. Kuma mu tuna, al'ada ce ta ɗora wa uban amarya wannan kaya. Shari'a kan miji ta ɗora ci da sha da sutura da matsuguni. Mun ɗauki al'ada mun mai da ita farilla, har akwai 'yan matan da suka samu miji amma suke zaune, don kawai mahaifinsu bai iya haɗa gado da kujeru ba. Laifin nan ba na iyaye kaɗai ba ne. Masu zuwa ganin ɗaki suna buɗe kuloli, suna shafa labule, suna taɓe baki, su fita su baza a gari, su ne ke tura bawan Allah ya jinginar da gona.

Gidan da iyali za su ji daɗinsa bai kai wannan tsadar ba. Raga a taga da gidan sauro sun fi labule mai kwalliya amfani a garin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara duk damina. A gyara makwararar ruwa, a shafe bango da farar ƙasa ko fenti, a dasa zogale da gwanda a tsakar gida, a sa 'yar fitilar sola inda yara ke karatun dare.

Haka zancen abinci. Mu ke noma waken soya, amma sai mu sayar da shi duka mu sayo taliyar leda da lemon roba. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sha yin kuka kan yawan yara masu tamowa a jihar Katsina, jihar da kudancinta ke ciyar da wasu. Uwargida ta riƙe ko da rabin buhu na soya: ga awara, ga madararsa, ga garin kunu idan an soya shi an haɗa da gero da gyaɗa. Lokacin da tumatir ya cika kasuwar Danja har yana ruɓewa, a saya a yanka a shanya kauɗa. Kuɓewa da barkono ma haka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Fita da iyali kuwa, na san rashin tsaro ya taƙaita mu. Ba mai son hanyar Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara da yamma. Amma cikin gari ba wanda ya hana. Maigida, maimakon ka ci tsirenka kai kaɗai a majalisa, ka ƙunso ka kawo gida a ci tare. Ranar Juma'a ka kai yara su gai da kakanninsu. Ka nuna musu tsohuwar tashar jirgin Funtua, ka faɗa musu layin dogon nan ya isa Kaura Namoda a 1929 kuma auduga da gyaɗar kakanninsu yake kwasa. Ka tafi da ɗanka kasuwa ya ga yadda ake ciniki, ya san kuɗin kwanon da yake ci.

Ina roƙon limamanmu su taɓo wannan batu a huɗuba kafin bukukuwa su kankama, masu unguwanni kuma su zauna da iyayen ango da na amarya a rage wa juna nauyi. Ke kuma Hajiya, in kin je ganin ɗaki bana, ki sa albarka ki yi shiru. Kai kuma Malam, ka auna abincin shekara ka rufe rumbu kafin ka taka shagon kafinta.