Malamin Zango a Hannun Mai Haɗa Hoto

Wajen shekarar 1920, wani Barashe mai suna Lev Kuleshov ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa, fuska a sake, ba fara'a ba fushi. Ya haɗa ta da kwanon miya, 'yan kallo suka ce yunwa yake ji. Ya haɗa ta da yarinya a cikin akwatin gawa, suka ce baƙin ciki ya cika shi. Fuskar ba ta motsa ba, abin da aka liƙa mata ne ya sauya.

Mu mutanen Akwatialine mun san wannan aiki a jikinmu. Tun wajen 2009, da finafinan sakawa suka cika kasuwa a Ghana, malamin Zango ya zama abin tsoro a allon talabijin. (Kalmar sakawa ma daga bakinmu aka are ta.) A duba yadda ake rabon lokaci a irin waɗannan finafinai. Saurayin da zai je neman kuɗin tsafi, sai an nuna mana uwarsa a kwance ba lafiya, mai gidan haya yana buga ƙofa, budurwa ta juya masa baya. Kafin ya yi laifin, mun riga mun yafe masa. Shi kuwa malam ba shi da uwa, ba shi da almajirai, ba shi da jiya. Ɗaki mai duhu, carbi, jan ƙyalle, kiɗa mai tayar da tsikar jiki, sai a yanke zuwa gawa. Ba a ce Musulmi mugu ne ba, almakashi ya faɗa.

Ba mu musun cewa akwai 'yan tsibbu masu cin haram da sunan malanta. Amma fasinjan trotro da bai taɓa tako Aboabo ko Sawaba ba, wannan malamin kaɗai ya sani. Wanda ke karantar da yara allo kusa da Babban Masallacin Kumasi ba ya samun ko daƙiƙa biyar.

Kuma laifi tudu ne. Finafinan Kano da muke kallo da dare haka suke yi wa Bamaguje da baƙauye: a ba su kiɗan ban dariya tun kafin su buɗe baki, mu kuma mu tuntsire.

Yanzu samarinmu suna ɗaukar bidiyo da waya, suna yanka, suna haɗawa. Almakashin ya shigo unguwa. Muna jiran mu ga wa za su ba uwa, wa za su bari a ɗaki mai duhu.