Maciji, Goggon Biri da Ƙofar Jirgi: Abin da Dariyarmu Ke Binnewa

A watan Fabrairun 2018, wata ma'aikaciyar hukumar JAMB a ofishinta na Makurdi ta shaida wa masu binciken kuɗi cewa maciji ne ya haɗiye naira miliyan 36 na cinikin katin jarrabawa. A watan Yunin 2019, labari ya bazu cewa goggon biri ya cinye kusan naira miliyan 6.8 da aka tara a gidan zu na Kano lokacin bukukuwan Ƙaramar Salla, har sai da gwamnan wancan lokaci, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan. A watan Agustan 2022 kuma, jami'an asusun NSITF suka gaya wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa gara ta cinye takardun shaidar kashe kuɗi na kimanin naira biliyan 17.

Kusan kowane mai karanta wannan rubutu ya san waɗannan labarai, kuma ya yi musu dariya. Amma mutum nawa ne a cikinmu zai iya faɗin inda kowannensu ya ƙare? Hukumar EFCC ta gurfanar da ma'aikaciyar JAMB a gaban kotu a 2019, sai dai a lokacin jama'a sun riga sun wuce wurin. Macijin ya zauna a bakinmu, kuɗin kuwa sun fita daga zukatanmu.

Ra'ayina shi ne cewa muna da hanyoyi biyu na rufe magana kafin a gama ta. Idan labari ya zo da ban dariya, sai mu yi raha mu wuce. Idan ya zo da gawawwaki, sai mu yi ta'aziyya, mu ce ƙaddara ce, mu wuce. Raha da tawakkali duk abubuwa ne masu kyau a muhallinsu. Illar ita ce, sau da yawa labarin ban dariya da labarin makoki uwa ɗaya ta haife su, wato sakaci. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar harkar sufurin jiragen sama.

A watan Fabrairun 2018 ɗin dai, ƙofar gaggawa ta wani jirgin Dana Air ta ɓalle bayan ya sauka a Abuja. Kamfanin ya ce ba yadda za a yi ƙofar ta faɗi ba tare da fasinja ya taɓa ta ba, fasinjoji kuma suka musanta. Shafukan sada zumunta suka cika da zolaya. Kafin watan ya ƙare, wani jirgin kamfanin ya zarce titin sauka a Fatakwal. Wannan fa kamfanin da jirginsa ya faɗi a unguwar Iju-Ishaga ta Legas ranar 3 ga Yunin 2012, ya hallaka dukkan mutum 153 da ke ciki, da wasu da ke ƙasa. A ranar 26 ga Nuwamban 2023 kuma, jirgin United Nigeria da ya tashi daga Legas da nufin zuwa Abuja ya sauka a Asaba, fasinjoji suka ce an yi musu barka da zuwa Abuja. Kamfanin ya ɗora alhakin sauya hanyar a kan rashin kyawun yanayi, amma hukumar NCAA ta dakatar da jiragen da ya yi haya tare da matuƙansu har sai ta kammala bincike. A nan ma zolaya ce ta fi tashe: wasu na cewa direbobin tashar mota sun fi matuƙan sanin hanya.

Domin mu ga abin da ke kwance ƙarƙashin irin wannan raha, ya kamata mu koma ranar 11 ga Yulin 1991. A safiyar ranar, jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga filin Sarki Abdul'aziz na Jidda ɗauke da alhazan Najeriya zuwa Sakkwato. Jirgin mallakar wani kamfanin Kanada ne mai suna Nationair, an yi hayarsa ne domin jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways. Bincike ya nuna cewa wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, kuma an san da haka tun kafin ranar. Wani makaniki ya nemi a ƙara musu iskar naitirojin, ba a samu a kusa ba, mai kula da aikin kuma bai so a yi jinkiri. An kuma gano cewa an sauya alƙaluma a takardun duba tayoyin. Da jirgin ya ɗauki gudu, tayoyi biyu suka fashe, wuta ta kama. Matuƙan ba su sani ba, suka naɗe tayoyin zuwa cikin jirgi kamar yadda aka saba, wutar ta ci ta shiga ɗakin fasinjoji. Jirgin ya juyo zai sauka, ya faɗi dab da filin. Mutum 261 suka rasu, fasinjoji 247 da ma'aikata 14, babu wanda ya tsira.

A cire gawawwakin daga labarin, me ya rage? Taya mara iska, mai gida mai gaggawa, da takarda da aka yi wa kwaskwarima. Da jirgin ya tsaya cak a kan titi ba tare da wuta ta tashi ba, da labarin ya zama abin raha a majalisa: wai jirgin alhazai ya yi faci a Jidda. Tazarar da ke tsakanin abin dariya da zaman makoki a garuruwa da ƙauyuka da dama ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi ba.

Masana kiyaye haɗurra sun daɗe da fahimtar wannan. Tun a 1931, Ba'amurke Herbert Heinrich ya yi hasashen cewa a bayan kowane babban haɗari ɗaya a wurin aiki akwai ƙanana 29, da wasu 300 da suka wuce ba tare da rauni ba. An soki waɗannan alƙaluma daga baya, amma asalin tunanin ya tsaya da ƙafarsa: babban haɗari yakan aiko da 'yan saƙo tun kafin ya iso. Masanin halayyar ɗan Adam na Birtaniya, James Reason, ya ƙara da cewa kowane tsari yana da shingaye da yawa, kowane shinge kuma yana da ɓuli. Bala'i yana aukuwa ne ranar da ɓulin suka daidaita a layi ɗaya. Ƙofar da ta ɓalle da jirgin da ya sauka a garin da ba a nufa ba duk ɓuli ne da Allah Ya sa wani shingen ya tare. Ruwa ba ya tsami banza.

Haka abin yake a harkar kuɗin jama'a. Labarin macijin Makurdi ya fito ne domin JAMB, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, ta daina sayar da kati ta kuma bi ofisoshinta tana tambayar lissafi. Tambayar da ta dace a lokacin ita ce: ta yaya miliyoyin naira suka zauna a hannun ma'aikaci ɗaya ba tare da an kai banki ba, kuma ofisoshi nawa ne a wasu hukumomin ke aiki haka? Maciji ya janye hankalinmu daga wannan tambaya, kamar yadda gara ta janye shi daga tambayar dalilin da ya sa hukuma mai juya biliyoyi ta dogara da takardun da ba su da kwafi a kwamfuta. Uzuri mai ban dariya yana yi wa mai laifi aiki, domin yana mayar da ɓarna tatsuniya.

Mai karatu zai iya cewa na tsananta. Ai ba don maciji ba, da babu wanda zai ji labarin miliyan 36 a ƙasar da ake maganar biliyoyi kullum. Raha ce ke kai labari lungu da saƙo, kuma ita ce ɗan abin da ya rage wa talaka ya rama wulaƙanci da shi. Wannan gaskiya ne, ba na kuma kiran a daina dariya. Haka nan babu mai hankalin da zai hana wanda ya rasa ɗan'uwa ya fawwala wa Allah lamarinsa. Mutanen Gwammaja da jirgin EAS ya faɗo wa gidajensu ranar 4 ga Mayun 2002, inda fiye da mutum 100 suka rasu, haƙuri da imani ne suka ɗauke su. Amma haƙurin mamaci haƙƙin iyalansa ne. Bai halatta hukuma ko kamfani su ara su yafa ba. Addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya koya mana ɗaure raƙumi kafin dogaro.

Tarihinmu ya nuna cewa bibiya tana haifar da sakamako. A cikin shekara ɗaya da 'yan kwanaki, Najeriya ta ga faɗuwar jirgin Bellview ranar 22 ga Oktoban 2005, da na Sosoliso a Fatakwal ranar 10 ga Disamban 2005 wanda ya ci ɗalibai da dama, da na ADC a Abuja ranar 29 ga Oktoban 2006 wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu a ciki. A wannan karon jama'a ba su yi shiru ba. Aka kafa sabuwar dokar sufurin jiragen sama a 2006, aka tilasta wa kamfanoni ƙara jari, waɗanda suka gaza suka rufe, zuwa 2010 kuma Amurka ta ba Najeriya matsayi na ɗaya a ma'aunin kula da lafiyar jirage. Abin baƙin cikin shi ne sai da ɗaruruwan rayuka suka salwanta kafin a motsa, kuma ba a ga irin wannan zafin nama ba a kan jiragen ruwan da ke kifewa a Kebbi, Neja da Kwara, ko tankar man da ta hallaka fiye da mutum 150 a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024. Waɗanda ke mutuwa a kwale-kwale ba su da 'yan'uwa a majalisa.

To, me ya rage gare mu, mu da ke da ilimi da waya da murya? Ƙa'idar duniya ta binciken haɗarin jirgi ta tanadi rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe kuma a so ya fito cikin shekara guda, manufarsa kuwa hana maimaituwa. Tun 2022 doka ta faɗaɗa aikin hukumar bincike ta ƙasa, wato NSIB, ya haɗa da jiragen ƙasa da na ruwa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani daga hukuma, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. Kayan aikin suna nan, masu ɗauka ne suka yi ƙaranci. Mu 'yan jarida ne kan gaba a wannan nauyi, domin ɗakunan labaranmu sun fi son ranar farko ta labari fiye da ranarsa ta ɗari. Amma lauya, likita, injiniya da malamin jami'a su ma suna iya rubuta wasiƙa, su tambayi ɗan majalisarsu, su karanta rahoton da aka fitar su fassara wa jama'a da Hausa.

Nan gaba kaɗan wata dabbar za ta sake haɗiye wasu kuɗin, wani jirgin kuma zai yi abin da zai ba mu dariya. Idan ranar ta zo, a yi rahar, a tura wa abokai. Sannan a rubuta kwanan watan a wuri mai kyau, bayan wata uku a dawo a tambaya: wa aka kama, me aka gyara, ina rahoton?