Raddi ga Masu Cewa Kano Ba Ta Ci Maƙwabtanta da Yaƙi Ba

Akwai maganar da ke yawo a majalisun Gwammaja, wai ƙasar Kano zumunci da fatauci ne kawai suka faɗaɗa ta. Ƙaunar gida ce ta haifi maganar, amma littafin Tarihin Kano ya saɓa mata.

Na farko, sun ce Kano da Rano 'ya'yan Bawo ne, wa kuwa ba ya cin ƙaninsa. Amsa: littafin ya ce Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya kori Sarkin Rano daga Zamna Gaba. Da zumunci ne ya kawo Rano, me ya kawo kora?

Na biyu, sun ce ai Rano ta ci gaba da sarkinta. Amsa: barin sarki a kan karaga dabarar mulki ce, muddin zai yi mubaya'a ya kawo gaisuwa. Haka aka yi a Turai. A 1102 aka naɗa Koloman, Sarkin Hangari, sarautar Kuroshiya a garin Biograd, aka bar wa mutanen ƙasar hakimansu da dokokinsu. Amma a 1097 rundunarsa ta riga ta kashe sarkinsu Petar a fagen daga. Sulhun ya biyo bayan takobi ne.

Na uku, sun ce yaƙin da Yaji ya yi da Santolo na addini ne, ba na ƙasa ba. Gaskiya ne Wangarawa, ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, sun taya Yaji da addu'a. To amma tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya fara ginin ganuwar Kano, Santolo ce ta ƙi bin Kano. Naguji, da ya hau mulki a 1194, ya kafa mata sansani shekara biyu, ya dawo bai ci ba. Shi ne kuma ya fara karɓar kashi ɗaya cikin takwas na amfanin gona. Rikicin ya girmi zuwan Wangarawa da fiye da shekara ɗari, kuma a kan iko da haraji yake.

Kasuwa ta arzuta Kano, babu musu, amma mayaƙa ne suka shata mata iyaka. Mutanen Santolo da na Rano su ma kakanninmu ne, kuma share abin da ya same su zalunci ne. Mu koya wa 'ya'yanmu tarihin dukansa. Allah ne Mafi sani.