Sharhi: Siginar da ido ba ya gani da aljihun masu masana'antun Kano

Tun watan Afrilun 2024, lokacin da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa Naira 225 kan kowane yunit, lissafin wuta ya zama abin da ke hana masu masana'antu barci a Sharaɗa da Challawa da Bompai. Masu hali sun karkata ga sola, kuma inbatocin zamani na aika bayanansu zuwa wayar mai gida ta Wi-Fi ko Bluetooth. Haka kyamarorin tsaro da rimot ɗin ƙofar sito: duk da igiyar rediyo mai gajeren zango suke aiki. Sai dai ba kowace igiya ke jure zaman masana'anta ba, kuma sirrin yana cikin siffarta.

Idan aka zana siginar a allon na'urar awo, takan fito kamar igiyar ruwa mai hawa da sauka. Rimot mai arha yakan kaɗa sau miliyan 433 a daƙiƙa, amma kunnawa da kashewa kawai yake yi, tamkar mai haska tocila. A allo za a ga guntun igiya, sai shiru, sai wani guntu. Tartsatsin walda da na manyan injina ma gajerun tsawa ne, don haka suna iya rikita na'urar da ke saurare. Mafi muni, idan lambar rimot ɗin ba ta sauyawa, ɓarawo na iya naɗar ta ya buɗe sito cikin dare.

Bluetooth kuwa tsayin igiyarsa ba ya sauyawa; tana ɗan matsewa ne tana ɗan buɗewa, a nan saƙon yake. Sannan yana tsalle tsakanin hanyoyi 79 har sau 1,600 a daƙiƙa, ta yadda idan hayaniya ta toshe ɗaya, ya riga ya wuce. Wi-Fi na zamani yana raba saƙo ga ƙananan igiyoyi da yawa a lokaci guda, shi ya sa zanensa ke kama da hargitsi, alhali tsari ne.

Amma dukansu biyu suna da abokan gaba. A zangon giga 2.4, tsawon igiya ɗaya santimita 12.5 ne kacal. Kwanon rufi da ƙarafan shago suna mayar da ita, ta dawo ta ci karo da kanta, har a samu gurbin da sigina ya mutu kusa da inda yake da ƙarfi. Ruwa kuma shanye ta yake yi, abin da ya shafi majemun Challawa masu cike da jiƙaƙƙun fatu.

Akwai kuma batun doka. Wannan zango na kowa ne, ba a biyan lasisi a kansa, saboda haka wanda na'urar maƙwabci ta danne tasa ba shi da wata kariya ta musamman. Abin da hukumar NCC ke buƙata shi ne na'urar sadarwa ta samu amincewarta kafin a sayar.

Ke nan, kafin mai masana'anta ya biya, ya nemi shaidar NCC, ya zaɓi rimot mai sauya lamba, ya kuma sa a gwada na'urar a cikin shagon, injina na aiki. Inda tsayawar saƙo ke nufin asarar kaya, jan waya ya fi. Araha dai ba ta ado.