Kafin ka yi wa wani dariyar Turanci

Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, abin ne ya tsaya min a rai.

Shekaranjiya na hau keke daga ATC. Mai keken dattijo ne har da furfura, yana ta kira, "Rodubulok! Rodubulok! Saura mutum ɗaya!" Wasu samari biyu a gefena, da gani sababbin shiga ne, suka dinga kwaikwayonsa suna ƙyalƙyala dariya, wai Baba ya kashe Turanci. Na ce, "Malamai, nan da kuka hau, me ATC ɗin take nufi?" Shiru. Can ɗaya ya ce ai sunan unguwa ne kawai.

To Advanced Teachers College ne, kwalejin horar da malamai da ta zauna a wurin tun kafin a kafa jami'ar jiha a 2008. Kwalejin ta tashi, sunan ya zauna. Kullum muna faɗa ba mu san me muke faɗa ba, amma mu ne masu gyara wa Baba baki.

Wallahi da za mu tsaya mu saurari kanmu, da kunya ta kama mu. In wata ya yi nisa ka ce ba ka da ko sisi, sixpence ka ambata, kuɗin Bature da aka daina kashewa tun zuwan naira a 1973. Sule shilling ne, kwabo kuma copper. Bokiti, tebur, kafinta, lebura, bariki, duk Turanci ne kakanninmu suka lanƙwasa ya dace da harshensu, kuma ba wanda ya ce sun yi kuskure. Abin da Baba ya yi wa Roadblock ke nan, babu ragi babu ƙari.

Shi kansa Turancin makarantar da muke taƙama da shi fa? Je Landan ka ce kana neman expo, baje koli za a nuna maka. Mu kuwa satar amsa muke nufi, kamar a 1977, da takardun WAEC suka fita kafin ranar jarrabawa, aka laƙaba wa badaƙalar Expo 77. Jambite daga JAMB ne, hukumar da aka kafa a 1978. Aluta da 'yan ƙungiyar ɗalibai ke ihu da ita ma ba Turanci ba ce sam, kalmar Fotugis ce mai nufin gwagwarmaya, daga taken 'yan FRELIMO na Mozambik. TDB kuwa, karatun kwana, wannan mu muka ƙera abinmu. Abin dariya, wadda kowa ke rantsuwa daga Turanci ta zo, wato boko, masanin Hausa Paul Newman ya ce ba daga book take ba, tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin jabu.

Ba cewa nake mu watsar da daidaitaccen Turanci ba. Da shi za a maka takardarka, kuma wanda ya rubuta "I want to flash you" ko Turancin WhatsApp a jarrabawa, carry over na jiransa. A koya, a gyara.

Dariyar ce matsalata. Nawa ne a cikinmu suka zo daga Karim Lamido ko Gashaka ko Lau da Fulatanci da Hausa, wani har da Mumuye ko Jukun, harshe uku a baki kafin Turanci, amma don sun ce "pipti" sau ɗaya aji ya fashe da dariya, shi ke nan ba su ƙara ɗaga hannu ba? Na san wata da ta fi kowa gane lissafi a ajinmu, amma ranar presentation sai ta ce ba ta da lafiya. Maki goma take bari duk zango saboda bakinmu.

Da muka iso, samarin nan suka miƙa wa Baba dubu ɗaya, ɗayansu ya ce, "Baba, a ba mu canji." Canji. Na so in tambaye shi daga ina wannan ta fito, sai na ga keken har ya cika da wasu fasinjojin.